Zane mai motsi da labarin ɗan ƙwaya: abin da zai iya da wanda ya fi ƙarfinsa a Damagaram

A 2024 hukumomin Nijar suka sauya wa cibiyar al'adun da ƙasar ke tarayya da Faransa a Yamai suna, ta koma Cibiyar Moustapha Alassane. Mai sunan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a Wagadugu a 2015, yana sahun farko na waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka. A 1966 ya fito da Bon voyage Sim, ɗan gajeren fim da kwaɗi ne ƴan wasansa, ya zolayi irin shagalin da ake yi idan shugaban ƙasa zai fita ziyara. Sana'ar kuwa a Kanada ya ƙaro ta, wajen gwanin zane mai motsi Norman McLaren.

McLaren yana da wani almajiri, sa'an Alassane, mai suna Ryan Larkin, ɗan birnin Montiriyal. Yana da shekara 15 yayansa ya nutse a ruwa a gaban idonsa, shi kuma bai iya iyo ba balle ya kai masa ɗauki. Ya girma ya zama gwanin zane, har wani fim ɗinsa ya shiga takarar Oscar. Daga baya giya da hodar ibilis suka raba shi da aikin, ya koma bara a bakin titi. Wani mai zane, Chris Landreth, ya ɗauki muryarsa a hira ya ɗora mata zane, aikin ya fito a 2004. Sai ga Larkin zaune yana magana, amma kansa a zagwanye, saura ƴan guntayen fuska. Fim ɗin, mai suna Ryan, bai cika minti 15 ba, ya ci Oscar a 2005.

Yanzu da waya ta sa kowa na iya kallon irin wannan aiki, har ma ya gwada nasa, tambayoyi sun taso. Ma'aikatan lafiya suna cewa ɗan ƙwaya majinyaci ne. Iyaye suna jin maganar kamar ana nema masa uzuri. Wasu malamai kuma tun kafin a kai ga labarin suna tambayar hukuncin zanen kansa. A Damagaram, garin da kalmar tramol ba baƙuwa ba ce daga Birni zuwa Zango har Kara-Kara, zaren yana bukatar a warware shi a hankali.

Kalmomin da ake cuɗawa

Zane mai motsi shi ne abin da a Nijar ake kira desan anime, a Najeriya kuma katun. Hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Fim yakan nuna hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, masu zanen hannu kuma sukan zana 12, kowanne ya fito sau biyu. Ana yin sa da alƙalami, da kwamfuta, ko da ƴar tsanar laka da ake gusarwa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. Mun saba ganin sa a tele lokacin shirin yara, shi ya sa ake ɗaukar sa abin wasa, amma dabara ce kawai, kamar rubutu: abin da aka zuba a ciki shi zai fito.

Kalma ta biyu ita ce wadda likitoci ke cewa tiroma. Hausa ba ta tara ta a kalma guda ba, ta rarraba ta: kaɗuwa, firgita, ɗimuwa, ko a ce abu ya tsaya wa mutum a rai. A nan za mu ce mikin zuciya. Ya bambanta da baƙin ciki. Wanda ya yi rashi yana baƙin ciki, kwanaki suna tafiya abin yana sassautawa. Mai miki kuwa, abin da ya faru bai wuce masa ba. Yana dawowa a mafarki, ko da rana tsaka ƙara ko wari ya mayar da shi wurin kamar yanzu ake yi. Yakan guji duk abin da zai tuna masa, barci ya ƙaurace masa, ƙaramin motsi ya zaburar da shi. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da wannan hali cikin jerin cututtuka da sunansa na kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na mutane suna haɗuwa da wani mummunan al'amari a rayuwa, amma ƙasa da kashi 6 ne abin ke zama musu ciwo mai ɗorewa. Wato yawancin mutane suna farfaɗowa, musamman idan suna da dangi da abokai a kusa.

Ta uku ita ce kamu. Shan ƙwaya daban, kamuwa daban. Mutum yakan fara da guda ɗaya, jiki ya saba, guda ta daina aiki sai biyu. Idan ya tsaya sai ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa da rashin barci su taso masa. Kamu shi ne inda ya san abin yana cin sa, ya ga aljihu da aure da mutunci suna zubewa, ya yi niyyar bari sau da dama, ya kasa.

Hanyar da ke tsakanin miki da ƙwaya

Binciken da aka fi ambata a wannan fage an yi shi ne a San Diyego ta Amurka, aka fara wallafa sakamakonsa a 1998, ƙarƙashin likitoci Vincent Felitti da Robert Anda. An tambayi manya sama da 17,000 abin da suka gani suna yara: duka, cin zarafi, uba mashayi, uwa da ake bugu. Waɗanda suka haɗu da huɗu ko fiye daga cikin waɗannan, haɗarin faɗawarsu cikin shaye-shaye, ciwon damuwa ko yunƙurin kashe kai ya ninka sau 4 zuwa 12. Tun a 1985 wani likitan, Edward Khantzian, ya kawo bayanin cewa mashaya da yawa magani suke yi wa kansu: abin da suke nema shi ne wani abu da ke ƙara a cikinsu ya yi shiru.

Ba a yi wannan bincike a ƙasar Hausa ba, amma abubuwan da ke yi wa zuciya miki ba su yi mana ƙaranci ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a sahara kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, akasari daga yankin Kance. Har yau ana sauke waɗanda aka koro daga Aljeriya a kusa da Assamaka su ƙarasa da ƙafa. Akwai waɗanda suka dawo daga Libiya da labarin da ba sa bayarwa, akwai waɗanda rikicin Boko Haram ya taso daga Difa tun 2015, akwai yaran da suka tashi a titi, akwai samarin pale, wato ƙungiyoyin ƴan daba, da suka sari wani ko aka sare su.

Duk da haka kuskure ne a ce kowane ɗan ƙwaya mai miki ne. Mai kabu-kabu da ke son ya yini a kan babur, mai garuwa, lebura, mai haƙar zinariya, da yawa sun fara tramol ne don gajiya. Wasu abokai ne a fada suka miƙa musu. Kuma da abin ba ya samuwa da araha da ba a kai nan ba. Tramol maganin ciwo ne na gaske, dangin ofiyom, an fara sayar da shi a Jamus a 1977. Na asibiti yakan zo da miligiram 50 ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a ɓoye yakan kai 200, 225 ko 250 a ƙwaya ɗaya, shi ya sa ake ganin saurayi ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. A 2018 Indiya, inda mafi yawansa ke fitowa, ta tsaurara dokar fitar da shi, a shekarar kuma Najeriya ta hana maganin tari mai kodin. Sai ƴan kasuwa suka juya ga wani haɗi na tapentadol da karisoprodol, wanda babu ƙasar da ta amince da shi a matsayin magani, har sai da Indiya ta hana yin sa a Fabrairun 2025 bayan wani binciken BBC. Miki yana buɗe ƙofa, kasuwa ce ke ajiye abin sha a bakinta.

Abin da zane ke gani

Damagaram ta riga ta ga yadda kyamara ke ɗaukar irin wannan labari. Aïcha Macky, ƴar garin, ta fito da fim ɗinta Zinder a 2021, ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka fara zaunar da kutare a cikinta, ta zauna da samarin pale suka yi magana da bakinsu. Ƙarfin irin wannan aiki shi ne ba wanda zai ce ƙarya ne: ga fuska, ga unguwa. Amma yana da tsada iri biyu. Wanda ya yarda aka ɗauke shi ya ba da fuskarsa ke nan har abada. Sannan kyamara tana iya nuna tabon sara a kafaɗa, ba ta iya nuna abin da ke hana mai tabon barci.

A ɗauki misali, ba na wani takamaiman mutum ba. Saurayi ne ya dawo ta Assamaka, abokin tafiyarsa ya mutu a hanya. Idan aka kafa masa kyamara, abin da za a samu shi ne mutum zaune a kan benci a fada, shayi yana hucewa a hannunsa, ba ya cewa komai. Mai zane kuwa yana iya bin sa ɗaki da dare. Rairayi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya rufe tabarma, ya kai masa wuya. Ya haɗiyi ƙwaya, rairayin ya janye. Washegari ya sha ɗaya, ya janye rabi kawai. Bayan wata guda yana shan huɗu, rairayin bai sauka daga ƙirjinsa ba. A cikin minti ɗaya, ba tare da an ambaci sunan wata cuta ba, uwar da ba ta shiga lakkwal ba ta fahimci dalilin farawa, ta fahimci yadda jiki ke sabawa, ta kuma ga cewa maganin ya zama ciwo na biyu.

Akwai kuma dacewa tsakanin zane da yadda mai miki ke tuna abu. Ba ya tunawa a jere. Guntu-guntu ne: launin riga, ƙarar mota, sai duhu. Zane yana iya barin gurbin da aka manta fari fat, abin da hoto ba zai yi ba. Wannan ne ya sa mai shirya fim Ari Folman ya zaɓi zane a 2008 don bin sawun abin da ya ɓace masa na yaƙin Labanan na 1982.

Amfani na biyu ya fi kusa da mu, wato rufin asiri. A 2021 wani ɗan Danmak, Jonas Poher Rasmussen, ya ba da labarin abokinsa ɗan gudun hijirar Afganistan da muryarsa ta gaske, amma da zanen fuska da sunan aro. A al'ummar da kunya ke da nauyi, inda labarin ɗa guda kan iya taɓa auren ƙannensa mata, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma doka: tun 1999 Nijar tana da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma wanda ya fito fili ya ce yana sha ya san maganarsa na iya kai shi kaso.

Sai dai a garin da kowa ya san kowa, sauya fuska kaɗai ba ya rufe asiri. Murya tana tona mutum, haka lambar babur, ƙofar gida, ko wani lafazi da aka san shi da shi. Mai zanen da ya ɗauki amanar labari dole ya sauya waɗannan ma, ko ya sa wani ya karanta maganar.

Inda aka saɓa

Saɓani na farko na addini ne, kuma tsoho ne. Hadisan da ke cikin Buhari da Muslim sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai, kuma Ibn Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a da ya koma zanen bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Malamai da yawa sun tsaya a nan, ba su bambanta gunki da zanen takarda ba. Malikiyya, wadda ta fi rinjaye a ƙasar Hausa, ta bambanta: abin da ta haramta shi ne sura mai jiki da inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, zanen da ke shimfiɗe kuwa ta sa shi a matakin karhanci ko barin abin da ya fi. Wasu malaman zamani sun ƙara da hadisin ƴan tsanan Nana A'isha, suka halatta zanen da ake yi don koyarwa. Wannan yana da tasiri a kan aikin kansa: fim ɗin ƴar tsanar laka ya fi shiga takaddama fiye da na alƙalami, kuma mai zanen da ke son kauce wa saɓanin yana iya aiki da inuwa, hannaye, sawun ƙafa ko fuska marar ido da baki. A irin wannan labari, fuskar da ba ta cika ba sau da yawa ta fi faɗin gaskiya.

Akwai wani nauyi na daban da kalmar zane ta ɗauka a Damagaram. A ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) da wata jaridar Faransa ta buga ta rikiɗe, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da majami'u, aka yi asarar rayuka. Wancan zanen izgili ne, wannan na jinya ne, amma mai zane a garin nan ba zai yi kamar bai san tarihin ba. Sai ya fara zama da malamai da masu unguwa kafin ya kafa allo.

Saɓani na biyu na iyaye ne. Suna cewa idan aka zana ɗan ƙwaya da tausayi, yaro zai ɗauka abin ba laifi ba ne, kuma su da aka sace musu tukunya da buhun hatsi don kuɗin tramol wa zai zana nasu mikin? Maganar tana da ƙarfi. Amsar ɗaya ɓangaren ita ce gane dalili ba ya ɗauke alhaki, kuma duka da ɗauri da mari an daɗe ana yi, waɗanda aka yi wa da yawa suna komawa, domin an ƙara miki ne a kan miki. A fim ɗin Landreth akwai wurin da ya roƙi Larkin ya bar giya, Larkin ya fusata. Landreth bai yanke wurin ba, kuma ya zana kansa shi ma da nasa raunukan, don mahaifiyarsa ta sha fama da giya. Wannan adalcin ne ya raba aikin da wa'azi, ya kuma raba shi da yabon mashayi.

Na uku daga masana ne, kuma ya kamata masu sha'awar zane su saurare shi. Ƙa'idojin rigakafin shaye-shaye da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ya fitar a 2013, aka sabunta su tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018, sun nuna cewa tsoratarwa zalla ba ta hana matasa sha. Sun kuma sa kawo tsohon mashayi ya ba ƴan makaranta labarinsa cikin hanyoyin da ba a ga amfaninsu ba. Abin da ya fi aiki shi ne koya wa yara yadda za su ƙi tayin aboki, da taimaka wa iyaye kan tarbiyya. Saboda haka wanda ya ce fim ɗin zane zai hana yara fara tramol ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai. Haka nan zana labari yana iya sauƙaƙa wa mai shi, amma bai maye gurbin jinya wajen wanda ya koyi aikin ba, kuma tono miki ba tare da mai kula a kusa ba yana iya mayar da mutum ga ƙwayar a daren.

Wahalar aikin

Minti ɗaya na zanen hannu hoto 720 ne, minti biyar 3,600. Wanda ke zana 30 kullum zai shafe wata huɗu kafin ya zo kan murya da launi. Kayan aikin sun yi sauƙi: Krita, Blender da OpenToonz kyauta ne, FlipaClip kuma a waya take aiki. Kuran, wato wutar lantarki, shi ne matsala. Yankin Damagaram da Maraɗi ya daɗe yana dogaro da wutar da ke zuwa daga Najeriya, kuma kowa ya tuna yadda aka yi da aka katse ta a Agustan 2023. Sannan wanda ya biya kuɗin aikin yakan so a faɗi saƙonsa. Ƙungiyar da ke son abin nunawa ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da ƙwaya ta duniya, takan nemi labari mai tsafta: ya sha, ya lalace, ya tuba. Rayuwar mai kamu ba haka take tafiya ba, yakan bari ya koma sau da yawa kafin ya tsaya.

Abin da zai taɓa a gida

Inda za a fi sa ran tasiri shi ne cikin gida, wajen waɗanda ke zaune da mai shan. Fim ɗin minti uku da Hausar Damagaram yana ratsa WhatsApp ya isa ga matar da ba ta fita taro, kuma tun da kundin da aka zartar a Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ba a rasa hujjar yin sa da ita ba. Uwa da ta kalla tana iya sauya tambayarta daga "me na rage ka da shi?" zuwa "me ka gani a tafiyar nan?" Matar aure tana iya gane cewa zaburar da mijinta ke yi cikin dare tana da suna a wajen likita, ta haɗa addu'a da zuwa asibiti. Maƙwabci yana iya sanin cewa wanda ya faɗi yana jijjiga kwantar da shi ake a gefensa a kai shi likita, ba a cusa masa abu a baki. Wanda ke son bari kuma ya ji cewa jikin da ya saba da tramol mai yawa a hankali ake rage masa a hannun ma'aikacin lafiya, domin yankewa lokaci guda tana da wahalar da ke mayar da mutane da yawa.

Duk wannan ya rataya ne a kan samun ƙofar da za a ƙwanƙwasa bayan an gama kallo. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƴan kaɗan ne, mafi yawa kuma a Yamai, ga kuɗin magani da na mota ga wanda zai taso daga Magarya ko Tanut. Fim ɗin da ya tayar wa iyali da bege bai faɗa musu inda za su je da ranar da ake ganin likita ba, ya bar su a tsakiyar hanya.

Shi kansa Larkin, Oscar ba ta ɗauke shi daga titi a rana ɗaya ba. Abin da fim ɗin ya yi shi ne ya sa aka sake neman sa. Wata mawaƙiya a Montiriyal ta tsaya masa, ya koma riƙe alƙalami, a 2006 ya yi wa wata tashar tele ƴan gajerun zane, ya kuma fara sabon fim kan rayuwarsa ta bara. Ciwon dajin huhu ya ɗauke shi a Fabrairun 2007 kafin ya gama, ita ce ta kammala aikin aka fitar da shi a 2008.